Tarihin Ma'aunin Iskar Jini

Asalin wannan fanni yana komawa ga annobar shan-inna da ta afka wa birnin Kofenhagen a 1952, sa'ad da likitoci Bjørn Ibsen da Poul Astrup suka tabbatar cewa iskar kabon da ke taruwa a jini, saboda gazawar numfashi, ita ce ke halaka majinyata da yawa. Leland Clark ya bayyana ma'aunin oksijin a 1956, John Severinghaus da Freeman Bradley kuma suka haɗa shi da na kabon a 1958. Sai dai dole a huda jijiyar wuyan hannu a ɗebi jini, kuma in bai isa ɗakin gwaji cikin kamar rabin sa'a ba, sakamakon gwajin ya ɓaci. Duk wanda ya san nisan Sabuwa ko Faskari daga Katsina ya san nauyin wannan sharaɗi.

Don haka masana suka yi burin zura ma'aunin cikin jijiyar kanta, ya riƙa ba da labari dare da rana, har aka fito da irin su Paratrend bayan 1990, siriri kamar zaren ɗinki. Amma jini, bisa ɗabi'ar da Allah ya halicce shi a kanta, ba ya amincewa da baƙo: sinadaransa sukan lulluɓe bakin na'urar, gudan jini ya daskare a kai, in kuwa ta jingina da bangon jijiya sai ta karanto halin naman wurin, alhali likita na zaton halin jini yake gani. Ga tsada kuma. Daga bisani aka janye su daga kasuwa.

Wadda ta wanzu ita ce hikimar Takuo Aoyagi na Japan, ta 1974, wadda ta haifar da ɗan maƙalen da ake sa wa yatsa, mai auna oksijin da haske ba tare da zub da jini ba. Ba ya ganin kabon, yatsa mai sanyin hunturu ko baƙin lalle kan rikita shi, kuma, abin da ya fi damuna, binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna yana ɓoye ƙarancin oksijin ga baƙar fata kusan ninki uku fiye da fara. Shi ya sa ma'aikacin jinya a Ƙanƙara, in an kawo yaro mai ciwon huhu, bayan ya duba lambar, sai ya ɗaga rigar ya ga ko ƙasan ƙirjin na shiga ciki, ya kuma ƙidaya numfashin na minti guda.