Shekarar Gobarar Daji: Abin da 1983 Ta Koya wa Fatake

A wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu tuna da shekarar da dattawanmu na Zangon Kumasi ba sa mantawa da ita, wato 1983. Yawancinmu ba a haife mu ba a lokacin, amma a bakinsu muka ji labarin.

Damina ta yi gardama a Gana a 1982. Da hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe ƙamas, sai wuta ta tashi a daji daga arewa har cikin kurmin Ashanti. Ta cinye gonakin koko da na abinci, ta haɗa da itatuwan goro. Ana cikin haka, a watan Janairu na 1983, gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu daga Nijeriya, mutanen Gana kusan miliyan ɗaya suka komo gida. Yunwa ta yi tsanani, har ƙasusuwan wuya da suka fito wa mutane ake kiransu sarƙar Rawlings.

Dattawa sun ce abin da ya fi cutar da fatake shi ne rashin labari. Mota za ta ɗauki huhun goro daga Kumasi, ta bi Techiman da Kintampo za ta Tamale, ba wanda ya san abin da ke gaba. Sai an tarar da hayaƙi ya rufe titi a tsaya cikin rana, goro kuwa ba ya jure zafi. Wanda ya yi gaggawa ya kutsa cikin hayaƙin, wani lokaci karo yake yi da motar da ke tahowa. Waɗanda suka tsira da kayansu su ne masu tsayawa kowace tasha su tambayi direban da ya fito daga gaba, da dare kuma su kasa kunne ga shirin Hausa na rediyon Gana.

Bayan wannan masifa gwamnati ta yi dokar hana ƙona daji a 1983, ta sake ta a 1990, inda aka tanadi 'yan sa-kai na kashe wuta a garuruwa da ƙauyuka. Amma wutar ba ta daina ba. Masu farautar gafiya, masu ɗiban zuma, masu neman sabuwar ciyawa da mai yar da guntun taba, duk suna nan. A gandun dajin Mole ma, ma'aikata da kansu sukan sa wuta a farkon rani don rage ciyawa. Masu bin hanyar Damongo da Larabanga zuwa Sawla sun san hayaƙin nan.

Yau kowa da waya a aljihu, sai dai jita-jita ta fi labari gudu. Hoton gobarar bara sai ya dawo a WhatsApp kamar na yau. Saboda haka, daga Disamba zuwa Fabrairu, kafin a ɗaura kaya a kira wakilinmu na tashar gaba. Mai turo labarin wuta ya faɗi wurin da kuma lokacin da ya gani da idonsa. A yi sammako, domin wuta ta fi ƙarfi da rana tsaka. Idan hayaƙi ya rufe hanya kada a shiga. A koma baya zuwa fili marar ciyawa, a rufe gilasai, a kunna fitilu. Idan jami'ai ko ma'aikatan gandun daji sun tare hanya, kada a nemi ɓarauniyar hanya ta cikin daji. Lambar 'yan kwana-kwana a Gana 192 ce, ko 112.

Iyayenmu sun biya kuɗin wannan darasi da dukiyarsu. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kai kowa gida lafiya da kayansa. Amin.