Wa ya cancanci lauyan gwamnati kyauta idan zai ɗaukaka ƙara?

Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke ɗaukar wa marasa ƙarfi lauya ba tare da sun biya ko sisi ba. A yau tana aiki ne da dokar 2011, kuma aikinta bai tsaya a kotun farko ba, ya haɗa da ɗaukaka ƙara.

Sharaɗi na farko shi ne samu. Sashe na 10 na dokar ya keɓe agajin ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 a wata tun daga Yulin 2024. A nan akwai abin dubawa: Gwamnatin Kano ta tsayar da nata mafi ƙarancin albashin a kan naira 71,000, don haka ƙaramin ma'aikacin jiha ya haura iyakar da naira dubu ɗaya tak. Dokar dai ta bai wa hukumar gudanarwa damar sassautawa idan hali ya matsa, sai dai wannan alfarma ce, ba haƙƙi ba. Manomi a Rogo ko ɗan kasuwa a Ƙaraye kuwa ba shi da takardar albashi, sai ya bayyana samunsa a rubuce a ofishin hukumar da ke birnin Kano.

Na biyu shi ne irin laifin. Jadawalin dokar ya ambaci kisan kai, fashi da makami, fyaɗe, sata da yi wa mutum mummunan rauni.

Amma abin da ya fi cin mutane shi ne lokaci. Wanda Babbar Kotun Jiha ta yanke wa hukunci yana da kwana 90 ya shigar da takardarsa a Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da reshe a Kano. Daga can zuwa Kotun Ƙoli kwana 30 ne kawai. Iyalin da suka tsaya sayar da hatsi ko gona don haɗa kuɗin lauya sukan farga wa'adi ya cika. Ana iya roƙon ƙarin lokaci, amma sai da hujja mai gamsarwa. Ita ma Kotun Ɗaukaka Ƙara tana da ikon naɗa wa mai ƙara lauya idan ta ga ba shi da hali.

Rashin lauya a kotun farko shi kansa dalilin ɗaukaka ƙara ne a shari'ar da hukuncinta kisa ne. A Janairun 2021 Babbar Kotun Kano ta soke hukuncin kisan da wata Babbar Kotun Shari'ar Musulunci ta yanke wa Yahaya Sharif-Aminu a Agustan 2020 saboda an yi masa shari'a ba lauya, ta kuma umarci a sake sauraron ƙarar daga farko.