InterCity 125: Jirgin Ƙasa Mai Kai Biyu

InterCity 125 jirgin ƙasa ne na fasinja mai amfani da man dizal, wanda hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta fara aiki da shi a watan Oktoban 1976, tsakanin Landan da Biristol da kudancin Wales. Sunansa ya samo asali ne daga gudunsa, wato mil 125 (kimanin kilomita 200) cikin sa'a guda.

An ƙera shi ne a lokacin da motoci da jiragen sama ke janye fasinjoji, alhali shimfiɗa wayoyin lantarki a kan layin dogo na bukatar maƙudan kuɗi. Saboda haka aka yi masa kai biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, taragu kuma a tsakiya. Kowane kai na ɗauke da injin da ke samar da lantarkin da ke juya ƙafafun. Idan jirgin ya isa tashar ƙarshe, direba ne kawai ke sauya kai.

A 1987 ya kafa tarihin duniya na jiragen dizal da gudun kilomita 238 cikin sa'a. Bayan da sababbin jirage suka maye gurbin akasarinsu, an sayar da wasu zuwa Meziko da Nijeriya.