Kuɗin hutun da ma'aikaci bai ci ba: Abin da dokar ƙwadago ta tanada da yadda ake lissafi

A Gusau, Tsafe da Bungudu, matasa da dama na aiki a gidajen mai, gidajen burodi da masana'antun casar shinkafa. Wasunsu kan bar aiki ba tare da sun nemi haƙƙin hutun shekara da suka tara ba, alhali Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka kafa a 1974, ta fayyace shi.

Wane hutu doka ta bayar?

Sashe na 18 ya tanadi cewa wanda ya cika watanni 12 a jere yana aiki zai samu hutun aƙalla kwanakin aiki shida da cikakken albashi. Wanda bai kai shekara 16 ba, har da mai koyon sana'a, kwanaki 12 ne nasa. Ana iya ɗage hutun bisa yardar ɓangarorin biyu, muddin ba a haura watanni 24 ba. Wannan adadi kaɗan ne idan aka kwatanta da Ghana, inda doka ta ba da kwanakin aiki 15.

Za a iya karɓar kuɗi a madadin hutu?

Matuƙar ma'aikaci yana bakin aiki, dokar ta haramta wa mai ɗaukar aiki ya biya shi kuɗi ya hana shi hutu, domin manufar hutun ita ce kare lafiya. Biyan kuɗi yana zuwa ne bayan an rabu. Wanda ya bar aiki bayan ya yi aƙalla watanni shida, ko kuma watanni shida tun lokacin da ya cancanci hutunsa na baya, za a biya shi kason albashin mako guda gwargwadon watannin da ya yi.

Yadda ake lissafi

Sashe na 19 ya taƙaita lissafin kan tushen albashi, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci. A ɗauki misalin mai sayar da fetur a Tsafe da tushen albashinsa ya kai naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024. A ninka 70,000 sau 12, a raba gida 52: albashin mako ya zama kusan naira 16,154. Idan ya bar aiki bayan watanni tara, yana bin kashi tara cikin 12, kimanin naira 12,115. Idan watanni biyar ya yi, ba ya bin komai a ƙarƙashin wannan sashe.

Wa dokar ta shafa?

Sashe na 91 ya keɓe kariyar ga masu aikin ƙarfi da na akawu. Manajoji da ƙwararru takardar yarjejeniyar aikinsu ce madogararsu, ma'aikatan gwamnati kuma dokokin aikin gwamnati ne ke tsara hutunsu. Kuɗin hutun da gwamnatocin jihohi kan biya ma'aikatansu alawus ne dabam, bai kamata a haɗa shi da wannan ba.

Idan an hana fa?

Ma'aikaci na iya kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko ya shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya keɓe wa shari'o'in aiki. A nan hujja ce ke aiki: takardar ɗaukar aiki, wadda sashe na 7 ya wajabta a bayar cikin watanni uku da fara aiki, da shaidar shigar albashi daga banki. Wanda ya adana su tun ranar farko shi ke da abin dogaro ranar rabuwa.