Lokacin da Peugeot 504 ke keta Sahara da ƙafarta

Kafin tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta mamaye kasuwar tsofaffin motocin Turai, da yawansu da ƙafarsu suke iso mana. Daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen 1980, samarin Faransa da Jamus kan sayi tsohuwar Peugeot 504 da arha, su ƙetara teku zuwa Aljeriya, su gangaro Tamanrasset. Can kwalta take ƙarewa a lokacin. Saura kilomita wajen 400 na rairayi da tsakuwa zuwa In Guezzam, sai Assamaka a bakin iyakar Nijar, sai Arlit da Agadas, inda dillalai ke jira.

Motar nan ta gari ce, ƙafafun baya kaɗai ke ja, cikinta kuma kusa da ƙasa. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da aka yi wa wannan cikin. Manyan motocin kaya su ne masu hanyar, kuma tayoyinsu kan haƙa kwari biyu masu zurfi, su bar tudu a tsakiya. Ƙaramar mota in ta bi sawunsu, sai ta hau tudun da ciki, tayoyi na juyawa a banza. In kuwa akwai dutse ɓoye a ciki, ya fasa kwanon baƙin mai da ke ƙasan inji, tafiya ta ƙare. Shi ya sa aikin farko na mai walda ne: a yanko farantin ƙarfe mai kauri, a lanƙwasa bakinsa na gaba sama yadda zai zame kan yashi, a ɗaure shi da noti ƙarƙashin injin. Wasu su ƙara wani a tankin fetur. A sa wa sifirin ƙari don motar ta ɗan ɗaga, a ɗaure salansa da waya, don salansar ce ke fara tsinkewa. Direban da ya san hanya ba ya shiga sawun. Yakan ɗora tayoyin gefe ɗaya kan tudun tsakiya, ɗayan gefen a waje.

Sauran guzuri sananne ne, jarkokin fetur da na ruwa, shebur, safaya biyu, famfon iska. Amma akwai faranta masu huji-huji, irin waɗanda aka shimfiɗa filayen jiragen sama da su a Yaƙin Duniya na Biyu. In mota ta kafe, a rage wa taya iska, a tone gabanta, a cusa farantin, a tura. Da asuba ake ratsa wuri mai laushi, lokacin da sanyi ya sa yashi ya kama jikinsa. Duk da haka rairayin Laouni, arewa da In Guezzam, ya cinye motoci da dama, an bar gawarwakinsu a fili. Akwai mutanen da suka ɓata hanya ƙishirwa ta kashe su, wannan kuwa bai kamata a manta da shi ba in ana labarin bajintar.

Motar da ta tsira ba ta rasa mai saye, domin a lokacin ana harhaɗa 504 a Kaduna tun 1975, kayan gyaranta na ko'ina, kowane bakanike ya san ta. Daga 1990 tawayen Abzinawa ya tashi a arewacin Nijar, a 1992 Aljeriya ta faɗa yaƙin basasa, Turawan suka daina zuwa. Motocin suka koma shigowa ta jirgin ruwa.