Tukunya Ta Fi Doka Daɗewa: Bukukuwan Sinawa da Abincinsu

Da daular Qing ta rushe, aka kafa jamhuriya a ƙasar Sin a 1912, sababbin shugabanni sun ɗauki kalandar Turawa. Tsohuwar kalandar Sinawa kuwa ta wata ce, amma kusan duk shekara uku akan ƙara mata wata guda, don kada bukukuwa su kauce wa lokutan noma. Shi ya sa sabuwar shekararsu ba ta fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Tun daga wannan sauyi hukuma da talakawa suka shiga ja-in-ja a kan bikin.

A 1914 aka sake masa suna, ya koma Chunjie, wato Bikin Bazara. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin Kuomintang ta haramta shi, amma jama'a suka yi kunnen uwar shegu, har ta janye a 1934. A 1967, lokacin Juyin Juya Halin Al'adu na Mao Zedong, aka soke hutun bikin, ba a mai da shi ba sai a 1980. Abin tambaya shi ne: ina al'adar ta fake a tsawon waɗannan shekaru? Ta fake a madafa.

Dalili kuwa, abincin bikin Sinawa magana ce. A daren jajibiri iyali kan taru, na nesa su komo gida. A arewacin ƙasar, inda alkama ta fi yawa, ana cin jiaozi, kwaɓaɓɓen gari da ake ƙunshe niƙaƙƙen nama da ganye a ciki. Siffarsa ta dunƙulen azurfar da ake ciniki da shi a zamanin da ce, saboda haka cinsa fatan arziki ne. A kudu, ƙasar shinkafa, ana cin niangao, waina mai danƙo wadda sunanta ya yi kama da kalmomin da ke nufin shekara ta fi ta bara ɗaukaka. Kifi ma ba ya rasa, domin sunansa, yu, amonsa ɗaya da kalmar rara. Har akan rage shi da gangan ya kwana, don wadata ta tsallaka sabuwar shekara. Uwa tana girki, tana koya wa ƴaƴanta harshe da tarihi ba da allo ba.

Haka abin yake ga sauran bukukuwa. Ranar 5 ga wata na 5 ana tseren jiragen ruwa, ana cin zongzi, shinkafa mai danƙo da aka naɗe cikin ganyen gora. Ana yi ne don tunawa da Qu Yuan, mawaƙi kuma bafaden masarautar Chu, wanda aka ce ya faɗa kogin Miluo a shekara ta 278 kafin Miladiyya saboda baƙin cikin faɗuwar ƙasarsa, mutane suka riƙa jefa shinkafa don kada kifaye su taɓa gawarsa. Ranar 15 ga wata na 8 kuma, da wata ya cika, ana raba kewayayyiyar wainar wata, alamar haɗuwar zumunta.

Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo. A 2008 gwamnati ta mai da waɗannan ranaku biyu ranakun hutu. A 2009 hukumar UNESCO ta sa bikin jiragen ruwa cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam, a Disambar 2024 ta ƙara da Bikin Bazara. Daga 2025 kuma jajibirin sabuwar shekara, ranar da iyali ke zama a kan akushi guda, ya shiga cikin hutun da doka ta tanada.