Yadda kyamara ta ba ƙanƙara tarihi

A shekarar 2025 birnin Edinburgh na ƙasar Sikotland ya karɓi babban baje kolin cikar Andy Goldsworthy shekara 50 yana aiki. Wannan mutum ya shafe rayuwarsa yana haɗa ganye, dutse, ƙaya da ƙanƙara a bakin rafi, ya ɗauki hoto, ya bar rana ta cinye abin da ya gina. Tambayar da ta daɗe tana bin irin wannan aiki ita ce: daga ina ya fito, kuma me ya sa sai a ƙarshen ƙarni na 20 ya samu suna? Ni dai amsata ba ta da kwana-kwana. Kyamara ce ta haife shi. Sauran dalilan da ake kawowa sun taimaka, amma ba su ne uwa ba.

Mutanen ƙasashen sanyi sun daɗe suna wasa da ƙanƙara. A 1494 an yi dusar ƙanƙara mai yawa a Florence ta Italiya, Piero de' Medici ya sa matashi Michelangelo ya sassaƙa masa mutum-mutumi da ita a tsakar gida. Marubuta sun yabi aikin, amma babu mai rai da ya san kamanninsa. A 1740 sarauniya Anna ta Rasha ta sa aka gina fada sukutum da ƙanƙara a St. Petersburg, bazara na shigowa ta koma ruwa. A Japan kuma, kafin na'urar sanyaya ɗaki, akan daskarar da furanni cikin ƙaton ƙanƙara a ajiye a zaure lokacin zafi, don ado da sanyi. Duk waɗannan sun wuce kamar ba a yi ba. Wanda ya zo daga baya ba shi da abin da zai kalla ya koya, balle ya ɗora a kai, kuma sana'ar da ɗalibi ba ya ganin aikin malaminsa ba ta tara tarihi.

Mutum na farko da ya kamata a tsaya a kansa ba ma mai zane ba ne, manomi ne. Wilson Bentley na ƙauyen Jericho a jihar Vermont ta Amurka ya haɗa kyamara da madubin ƙara girma, a 1885 ya ɗauki hoton ƙwayar dusar ƙanƙara guda ɗaya kafin ta narke. Ya ci gaba har ya tara hotuna sama da 5,000. Shi bai ƙera komai ba, amma ya tabbatar da cewa abin da ba ya kai minti biyu a duniya ana iya kama shi a ajiye. Sai da aka yi shekara 80 da ɗoriya kafin masu fasaha su ɗauki darasin da gaske. A 1967 Allan Kaprow ya tara mutane suka gina ɗakunan ƙanƙara a sassan Los Angeles, suka bar su suna narkewa. A shekarar dai Richard Long, ɗalibi a Ingila, ya yi ta kai da komowa a kan ciyawa har sawunsa ya fitar da layi, ya ɗauki hoto. Layin ya ɓace, hoton nan kuwa har yau ana koyar da shi.

A kan wannan turba Goldsworthy ya taso. An haife shi a 1956, ya yi aikin gona tun yana yaro a wajen Leeds, ya yi karatun zane a Bradford da Preston, daga baya ya zauna a ƙauyen Penpont na Sikotland. A nan ne a 1987 ya haɗa tsinkayen ƙanƙara ya yi siffar tauraro, da yawun bakinsa ya liƙa su, domin a sanyin asuba yawu na daskarewa nan take ya zama gam. Dole ya yi aikin da yatsu tsirara, safar hannu tana hana shi jin abin da yake riƙe da shi, ɗumin yatsun kuma yana narkar da aikin. A 1989 ya je can ƙarshen arewacin duniya ya gina manyan zobba huɗu da dusar ƙanƙara. Mutum nawa ne suka ga waɗannan da idonsu? Ba su taka kara sun karya ba. Miliyoyin da suka san aikin a littafi suka gan shi, ko a fim ɗin Rivers and Tides na 2001.

Masu cewa damuwa da ɗumamar yanayi ce ta haifar da wannan fasaha suna da hujja mai ɗaukar hankali, musamman idan suka nuna aikin Olafur Eliasson, wanda ya kwaso manyan ƙanƙara daga tekun Greenland ya jera a Copenhagen a 2014, a Paris a 2015 lokacin taron yanayi, sannan a Landan a 2018. Aiki ne mai amfani, kuma ina ganin ya isar da saƙon da rahotanni da yawa suka kasa isarwa. Sai dai shekarun ba su goyi bayan wannan ra'ayi ba. Kaprow da Long sun riga shi da kusan shekara 50, a lokacin da maganar yanayi ba ta shiga bakin jama'a ba. Masu fafutukar yanayi sun tarar da riga ɗinkakkiya ne suka saka.

Wasu kuma sun ce tawaye ne ga kasuwa, wai masu fasaha sun gaji da attajiran da ke saye suna ɓoyewa, sai suka yi abin da ba ya sayuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 1983 David Hammons ya shimfiɗa tabarma a bakin titi a New York yana sayar da curin dusar ƙanƙara manya da ƙanana, kuma ba shakka da kasuwar yake. To amma ta yaya muka san an yi hakan? Ta hotunan da Dawoud Bey ya ɗauka. Hotunan Goldsworthy ma ana saye ana sayarwa. Ashe ba a gudu daga kasuwa ba, an dai sauya hajar da ake kai mata.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne cewa hoto cin amanar aikin ne, tunda an ce abu mai wucewa ne sai ga shi an daskarar da shi a takarda har abada. Ban raina wannan magana ba, domin hoto ba ya ɗauke da sanyi ko ƙarar ɗigar ruwa. Amma a duba abin da ya faru ranar 21 ga Yuni, 2000. Goldsworthy ya ajiye curi 13 na dusar ƙanƙara a titunan Landan, kowanne ya kai kimanin tan ɗaya, an cura su a Sikotland da hunturu aka adana a ɗakin sanyi. A cikinsu ya ɓoye gashin tumaki, gashin hankaka, tsakuwa, zangarniyar sha'ir da rassan itace. Da suka fara narkewa sai kayan cikin suka riƙa leƙowa. Mai wucewa ya ga sa'a ɗaya ce kawai daga cikin labarin, jerin hotunan ne suka nuna shi daga farko har ƙarshe. A nan kyamara ba ta hana narkewa ba, ita ce ma ta sa aka gan ta.

Hatta yadda ake sarrafa ƙanƙarar a yau, ido na kan hoto. Duk wanda ya sayi ƙanƙara a watan azumi ya san tsakiyarta fari ne, saboda iskar da ke cikin ruwa tana taruwa a inda ya daskare a ƙarshe. Don haka masu daskarar da furanni cikin ƙanƙara sukan tafasa ruwan, ko su sa ya daskare a hankali daga gefe guda don ya kore iskar, su kuma zuba shi hawa-hawa saboda fure yana tasowa sama. Wahalar nan duka don haske ya ratsa ya kai ga kyamara ake sha. Makoto Azuma na Japan, wanda a 2015 ya jera furanni cikin dogayen ƙanƙara a wata masana'anta a Saitama, ya daɗe yana aiki kafaɗa da kafaɗa da mai ɗaukar hoto Shunsuke Shiinoki, kuma ta hannunsa duniya ta ga furannin.